Ɗan sandan littafi da ke fitar da gaskiya da mari: me ya sa muke tafa masa?

Baban Hanif:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu karatu. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna game da littattafan binciken 'yan sanda, yau nake so mu baje ta a faifai.

Ba ina nufin labaran da wani mai kaifin basira zai zauna a kujera shi kaɗai, ya yi ta tunani, a ƙarshe ya tara jama'a a falo ya nuna mai kisa da yatsa ba. Ina nufin waɗanda ake bin aikin 'yan sanda yadda yake: an tsinci gawa, an sanar da caji ofis, an killace wurin, an ɗauki hotuna, an bi gida-gida ana tambayar maƙwabta, ana jiran rahoton likita, fayil yana ta kauri, oga yana matsa lamba daga sama, 'yan jarida suna bakin ƙofa. Irin wannan rubutun ya kafu a Amurka a shekarun 1950. Ed McBain ya fara nasa jerin a 1956, ya rubuta littattafai sama da 50 a kan caji ofis guda, kuma jarumin nasa ba mutum ɗaya ba ne, ofishin ne baki ɗaya. Yau wannan ɗan sanda ne a gaba, gobe wancan. A Suwidin kuma Maj Sjöwall da Per Wahlöö suka rubuta littattafai 10 tsakanin 1965 da 1975, da niyyar su bi ta hanyar binciken kisa su nuna inda ƙasarsu ke ruɓewa a ƙarƙashin kyawun da duniya ke gani.

Abin da ya sa nake son waɗannan littattafan shi ne haƙurin da ke cikinsu. Mutane ne gajiyayyu, masu matsalar gida da ta albashi, suna bin lambar mota ɗaya har mako uku, suna komawa wurin tsohuwar da suka riga suka yi wa tambaya don wata kalma da ta faɗa ba ta zauna musu ba. Idan gaskiya ta fito a shafin ƙarshe, kai mai karatu ka san da gumi aka same ta.

To amma yawancin waɗanda nake cin karo da su yanzu sun koma wani salo. Jarumin ɗan sanda ne da ba ya jin maganar kowa. Ya shiga gida ba takardar izini, ya rufe ɗakin tambaya ya kashe na'urar ɗaukar murya, ya shaƙe wanda ake zargi har ya faɗi inda ya ɓoye yarinya. Lauya a littafin kullum mugu ne mai kare 'yan ta'adda, alƙali kuma cikas. Ga inda abin ya fi ci mini rai: marubucin ya riga ya shirya labarin yadda duk wanda jarumin ya daka, shi ne mai laifin. Ba a taɓa dukan marar laifi ba. Wannan ha'inci ne ga mai karatu, don marubuci ne ke riƙe da gaskiyar tun farko, ɗan sandan duniya kuwa bai sani ba lokacin da yake ɗaga hannu.

Mu kuma da muka san abin da ake nufi da bayan kanta a caji ofis, da muka san gidajen da aka ɗauki ɗansu da ƙafarsa aka dawo da shi a ɗauke, bai kamata a ce mu ne ke jin daɗin wannan shafin ba. Ko ni kaɗai nake ganin haka?

Ɗan Fagge:

Wa alaikumus salam. Yaya, da girmanka, amma ka ɗauki abin da zafi. Littafi nishaɗi ne. Ni idan na dawo daga kasuwa na gaji, ba zan buɗe littafi don in karanta yadda ake cike fom da jiran sa hannun oga ba. Ka ɗauka an sace yarinya 'yar shekara shida, saura awa biyar a kashe ta, ga wanda ya san inda take yana zaune yana yi wa ɗan sanda murmushi. Wallahi duk mai 'ya a cikinmu ya san abin da zuciyarsa ke so a yi. Marubucin abin da ke ranmu ya rubuta. Kuma don na karanta an mari mutum a littafi ba shi ke nuna na yarda a yi wa ƙanena haka ba.

Maman Nana:

Ni dai ta ɓangaren rubutu zan sa baki. Masu bin labari a WhatsApp, idan ka yi shafi biyu ba a yi faɗa ko kuka ko tonon asiri ba, sai ka ga an daina yi maka sharhi. Don haka na fahimci abin da ke tura marubuta. Amma Baban Hanif, ina so ka gamsar da ni cewa aikin takarda zai iya riƙe mai karatu, don ni ma abin da nake nema ke nan.

Baban Hanif:

Maman Nana, bari in ba ki abin da ya faru da gaske, ki auna da kanki ko zai riƙe mai karatu.

A arewacin Ingila, tsakanin 1975 da 1980, wani direban babbar mota mai suna Peter Sutcliffe ya kashe mata 13. 'Yan sanda sun yi masa tambayoyi har sau 9 a tsawon binciken, kowane karo suna sallamarsa. Ba don ba su aiki ba. Aikin ne ya yi musu yawa har ya binne su. Lokacin babu kwamfuta a ofishin binciken da ke Leeds, komai a kan ƙananan katuna ake rubutawa da hannu, katunan suka yi nauyin da sai da aka ƙarfafa daɓen benen don kada ya rufta. Sunan mutumin yana cikin katunan a wurare daban-daban, amma ɗan sandan da aka tura wurinsa yau bai san abin da na watan jiya ya gano ba.

Sannan a 1978 da 1979 wani ya aiko da wasiƙu, daga baya da kaset, yana cewa shi ne mai kisan, yana yi wa shugaban binciken ba'a. Muryar ta mutanen yankin Sunderland ce. Shugabannin suka gaskata, har ya zama duk wanda karin harshensa bai yi kama da na kaset ɗin ba ana iya cire shi daga zargi. Sutcliffe kuwa mutumin yankin Bradford ne. Kaset ɗin ƙarya ne, kuma bayan zuwansa an kashe ƙarin mata uku.

Kin san yadda aka kama shi? A ranar 2 ga Janairun 1981, 'yan sanda biyu masu sintiri a Sheffield suka ga mota a fake da dare, suka duba lambarta, suka ga ba tata ba ce. Shi ke nan. Sutcliffe, wanda ke cikin motar, ya nemi izinin zagayawa fitsari, suka bar shi. Washegari ɗayansu mai muƙamin sajan ya tuna da wannan zagayen, ya koma wurin ya duba, sai ga guduma da wuƙa. Babu wanda ya shaƙe kowa. Wani ne ya duba lambar mota, ya kuma yi tunanin komawa. Bayan wannan abin kunya ne aka kafa wa 'yan sandan Birtaniya tsarin kwamfuta na haɗa bayanan manyan bincike a tsakiyar shekarun 1980. Shi kuma mai kaset, sai a 2005 aka gano shi ta gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, da aka yi a kan ambulan ɗin da ya aiko, aka ɗaure shi shekara 8.

Yanzu ki ce mini mai karatun da ya san sunan mai kisan yana cikin akwati na uku, yana kallon 'yan sanda suna wuce akwatin, zai iya ajiye littafin ya yi barci?

Ɗan Fagge, misalinka na awa biyar, marubuci ne ya saita agogon, shi ya kuma tabbatar maka mutumin ya sani. Cire waɗannan biyun ka ga abin da ya rage.

Sufeto Mai Ritaya:

Salamu alaikum. 'Ya'yana, na karanta duka. Ni ba mai yawan karanta ƙagaggun labarai ba ne, jikata ce ta sa ni a nan, amma wannan aikin shi na ci abinci da shi har na ajiye kaki, don haka ku ba ni dama.

Abu na farko da littattafan nan ke nunawa wanda mu ba mu cika samu ba shi ne wurin da aka yi laifi a killace. Kafin labari ya iso caji ofis, unguwa gaba ɗaya ta shiga ɗakin. Wani ya ɗaga gawa ya gyara mata kwanciya, wata ta share jini don kada yara su gani, wani ya ɗauki wuƙar ya nuna wa jama'a ya mayar. Duk da kyakkyawar niyya suka yi, tausayi ne da sutura. Amma ɗan sanda ya iso ya tarar da sawun mutum hamsin. Zanen yatsan wa zai ɗauka?

Na biyu, kayan aiki. A wani ofishin da na zauna, mota ɗaya ce, ita ma sai an nemi mai. Ɗan sanda mai bincike yana riƙe da fayil fiye da abin da mutum uku za su iya, takardar rubuta sitatimen ma wani lokaci daga aljihunsa. Ga dangin mamaci a bakin ƙofa kullum, ga waya daga sama ana cewa a kawo sakamako kafin Litinin. A irin wannan matsin ne duka ke shigowa, don shi ne hanya mafi arha. Ban faɗi haka don in wanke kowa ba. Na faɗa ne don ku san daga inda abin ke tsirowa.

Amma Ɗan Fagge, ɗana, ka saurare ni. Wanda ake duka ba gaskiya yake faɗa maka ba, abin da zai sa ka daina yake faɗa. Idan ka ce masa da adda ka yi, zai ce da adda. Idan ka ce ku uku ne, zai nemo maka sunaye biyu, ko na waɗanda yake bin bashi ne. Daga ranar da ya amsa, an rufe ido. Ba mai sake komawa unguwa, ba mai tambayar mai shayin da ke bakin layi wa ya gani da asuba. Ainihin mai laifin yana gida yana jin labari a rediyo.

Ƙwararrun da na gani a aikin nan, waɗanda har yau nake yi musu addu'a, masu sanyin murya ne. Su sayo wa mutum abinci, su zauna da shi, su bar shi ya ba da labarinsa sau uku a ranaku daban. Mai gaskiya labarinsa yana nan, ko ya manta wani abu ƙashin bayan ba ya canzawa. Maƙaryaci kuwa sai ya gyara, a wurin gyaran ake kama shi.

Ɗan Fagge:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ji. Amma abu ɗaya ban gane ba. A ce ba duka, ba komai, mutum da hankalinsa ya ce shi ya yi kisan da bai yi ba? Wannan kam sai a littafi.

Likitar Gwaje-gwaje:

Ɗan'uwa, ba sai a littafi ba. Shari'ar kisa ta farko da aka warware da gwajin ƙwayar halitta a duniya, da irin wannan ta fara.

A wasu ƙauyuka kusa da Leicester a Ingila an yi wa 'yan mata biyu fyaɗe an kashe su, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986, kowacce shekararta 15. 'Yan sanda suka kama wani yaro ɗan shekara 17 mai raunin fahimta, bayan doguwar tambaya ya amsa kisa na biyu, ya musanta na farko. A jami'ar garin akwai wani masani, Alec Jeffreys, wanda a 1984 ya gano hanyar bambance mutum da mutum ta ƙwayar halittarsa. 'Yan sandan suka kai masa samfur don ya tabbatar musu yaron ne ya yi duka biyun. Sakamako ya fito: mutum ɗaya ne ya yi kisan biyu, kuma ba yaron ba ne. Aka sake shi.

Daga nan aka nemi mazan yankin su ba da jini, sama da mutum 5,000 suka bayar, ba a samu kowa ba. Ashe mai laifin, wani ma'aikacin gidan burodi mai suna Colin Pitchfork, ya lallashi abokin aikinsa ya je ya ba da jini da sunansa. A 1987 abokin ya yi suɓul da baka a wurin hira, wata mata da suke aiki tare ta ji, ta kai rahoto. A farkon 1988 aka yanke wa Pitchfork ɗaurin rai da rai. Ka ga ko kimiyyar ma ba ita kaɗai ta kama shi ba, sai da wata ta ji magana ta ƙi yin shiru.

Tunda na shigo, bari in faɗi nawa ƙorafin a kan littattafan da finafinan. Suna nuna a sa gashi ɗaya a na'ura, kafin a gama shan shayi hoton mai laifi ya fito a allo. Gwajin ba ya ba ka suna. Yana ce maka wannan samfurin da wancan na mutum ɗaya ne ko a'a, don haka dole kana da wanda za ka gwada da shi, ko rumbun bayanan da aka riga aka tara. Kuma idan samfur ya sha rana, ko an zuba shi a leda da danshi, ko ba a rubuta hannun wa da wa ya bi ba, ya lalace ko kotu ta ƙi shi. A nan ƙasar sai a 2017 gwamnatin Legas ta buɗe cibiyarta ta irin wannan gwajin. Marubucin da ya sa ɗan sandan ƙaramar hukuma yana samun sakamako da yamma, ya yaudari masu karatunsa.

Barista:

Baba Sufeto ya gama magana, ni doka kawai zan ɗora, don mutane da yawa suna zaton waɗannan ƙa'idojin na Turawa ne kawai.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, kuma yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya. Sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya ce amsa laifin da aka samu ta hanyar gallazawa kotu ba za ta karɓa ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, ta kuma kawo maganar ɗaukarsa a bidiyo, jihohi da dama sun yi tasu a kan wannan tsarin. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar.

Ga abin da littattafan ba su nunawa, don suna ƙarewa ne ranar da aka sa ankwa. Ranar shari'a, wanda ake tuhuma ya ce dukana aka yi na sa hannu. Sai a tsayar da komai a yi shari'a a cikin shari'a, a kan takardar nan kaɗai. Idan alƙali ya yi watsi da ita, kuma babu wata hujja a fayil saboda tun ranar da ya amsa aka daina bincike, to mutumin zai fita, ko da shi ne ya yi. Na ga uwar mamaci ta zube a harabar kotu a irin wannan ranar. Wato jarumin da Ɗan Fagge ke so, a duniyar gaske shi ne ke kuɓutar da mai kisa. Marar laifin kuma yana can gidan yari cikin masu jiran shari'a, waɗanda su ne wajen kashi biyu bisa uku na fursunonin ƙasar nan.

Malam Na Zaure:

Allah ya saka wa kowa. Ina so in tuna mana cewa bin alama don a kai ga gaskiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Suratu Yusuf, da matar Azizu ta yi zargi, Annabi Yusuf alaihis salam ya musanta, babu wanda ya gani. Sai mai shaida daga danginta ya ce a duba rigar: in ta gaba ta yage, ita ce mai gaskiya, in ta baya ce, shi ne mai gaskiya. Aka duba, ta baya ce. A farkon surar ma, 'yan'uwansa sun kawo riga da jinin ƙarya, malaman tafsiri suka ce mahaifinsu ya lura rigar ba ta yage ba, wane irin kyarkeci ne zai ci yaro ya bar riga lafiya? Malamai sun yi dogon bayani a kan hukunci da irin waɗannan alamomi, Ibnul Ƙayyim yana cikin waɗanda suka faɗaɗa shi. Kuma ƙa'ida sananniya ce cewa kawo hujja yana kan mai da'awa. Duk wanda zai rubuta irin wannan labarin da Hausa yana da tushe a gida.

Ɗan Damagaram:

Gaisuwa daga Nijar. Mu nan da Faransanci muka fara karanta irin waɗannan, kuma wanda ya fi shiga hannunmu shi ne Georges Simenon, ɗan Beljiyam, da kwamishinansa Maigret na birnin Faris. Littattafai 75 ya yi a kansa daga 1931 zuwa 1972. Abin da zai ba Ɗan Fagge mamaki, mutumin nan kusan ba ya gudu, ba ya harbi. Yana zuwa unguwar da abin ya faru ya zauna, ya san mai gadin gida, ya san abin da mamacin ke ci da wanda yake jin kunya, har ya fahimci yadda rayuwa ta kai wani ga kisa. Kuma an sayar da su a duniya ba adadi. Ke nan haƙuri yana sayuwa.

Wani abin kuma, tsarin shari'a yana canza labari. A wurinmu, da yake tsarin Faransa muka gada, babban laifi yana zuwa hannun alƙali mai bincike, shi ke jagorantar 'yan sanda ko jandarmomi, kuma aikinsa ya nemo abin da ke tuhumar mutum da abin da ke wanke shi duka. A Najeriya ɗan sanda ke bincike, lauyoyi biyu su kara a gaban alƙali. Wanda ya kwafi littafin Amurka ya sauya sunaye zuwa Musa da Halima, ya ajiye labarin a Zinder, duk wanda ya taɓa shiga komisariya, wato caji ofis ɗinmu, zai gane ba nan ba ne.

'Yar Zariya:

Ni abin da ke sa in ajiye littafi daban ne, kuma ba wanda ya taɓo shi. Gawar mace. Shafi na farko an tsinci budurwa, an kwatanta jikinta dalla-dalla har abin ya zama kamar ana jin daɗin kwatancen, daga nan ba a sake tunawa da ita ba, sai matsalar auren ɗan sanda da shan giyarsa har shafi 400. Ba mu san me take so ta zama ba, ba mu ga ɗakinta ba, ba mu ji uwarta ba.

Kuma Baban Hanif, a shari'ar Ingilan da ka kawo akwai wannan. Saboda wasu daga cikin matan da aka fara kashewa ana ce musu masu zaman kansu, hukuma da jaridu ba su ɗauki abin da nauyin da ya kamata ba, har aka riƙa bambanta su da waɗanda ake kira marasa laifi. Matan da suka tsira suka kwatanta maharin, ba a saurare su yadda ya dace ba. A 2020 rundunar 'yan sandan yankin ta fito ta nemi gafarar iyalan a kan irin kalaman da manyanta suka yi amfani da su. Littafin da zan girmama shi ne wanda ya nuna cewa wa aka kashe yana shafar yadda ake bincike.

Baban Hanif:

Gaskiya ne 'yar'uwa, kuma wannan ya fi nawa ƙorafin nauyi. Mu ma nan mun san bambancin fayil ɗin ɗan mai kuɗi da na almajiri.

Maman Nana:

To jama'a, kun sa ni a hanya. Ina da labari a raina: an tsinci gawar mai aikin gida 'yar shekara 14 a wani kango, 'yar sanda mace ce mai binciken. Amma ga inda na tsaya. Mu ana rasuwa da safe, kafin la'asar an kai mutum makwancinsa. Littattafan waje rabin hujjarsu daga teburin likita take fitowa. Likita, Baba Sufeto, ya zan yi da wannan?

Likitar Gwaje-gwaje:

Anti, wannan da kike gani cikas shi ne zuciyar labarinki. Dangi suna cewa a ba mu gawarmu mu suturta, mun bar wa Allah. 'Yar sandarki ta san in an binne an binne hujja. Kuma kowannensu yana da gaskiyarsa, babu mugu a ciki. Likitocin da suka ƙware a binciken gawa kaɗan ne ƙwarai, galibi sai a manyan asibitocin koyarwa, ga kuɗin mutuware, ga zafin gari. Amma ko ba a buɗe gawa ba akwai abin da ido ke gani: shatar igiya a wuya, tsofaffin tabon duka da sababbi, abin da ke ƙarƙashin farce, sandarewar jiki da ke nuna kimanin lokacin rasuwa. Ki tuna kuma da matan da ke wankan gawa. Su ne ke ganin jikin gaba ɗaya, kuma ba mai tambayarsu.

Sufeto Mai Ritaya:

'Yata, likita ta ba ki babbar shaida, mai wankan gawa. Sai dai ki sani ba za ta yi magana da sauƙi ba, don amana ce a wurinta ta rufe abin da ta gani. 'Yar sandarki sai ta bi ta hannun wanda matar ke jin nauyi, watakila limamin unguwa ya fahimtar da ita cewa faɗar abin da zai fitar da haƙƙin yarinya ba tonon asiri ba ne.

Sauran hujjarki tana bakin mutane. Mai unguwa ya san wa ya kawo yarinyar aiki. Akwai matar da ke ɗebo yara daga ƙauye tana rarraba su gidaje tana karɓar kuɗinsu, ki nemo ta, ita ta san gida nawa yarinyar ta zauna. 'Yan sintirin unguwa sun san motar da ta fita da dare. Mai POS yana da rasit. Waya tana nuna wa aka kira da ƙarfe nawa, amma sai an rubuta takarda an jira kamfani, ba a rana ɗaya ake samu ba, ki bar mai karatu ya ji zafin jiran. In labarin ya kai ƙauye, kada ki manta da masu bin sawu. Na yi aiki da wani dattijo da ke duba ƙasa ya ce maka mutum biyu ne, ɗaya yana ɗingishi, ɗaya yana ɗauke da kaya.

Kuma ki sa mata oga da zai ce ta rufe fayil, don maigidan da yarinyar ke wa aiki yana da mutane. Ki sa a kawo mata wani mai gadi talaka a ce ga shi ya amsa.

Ɗan Fagge:

To ni dai har yanzu ina son a yi gudu a yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Amma Anti, wannan mai gadin da Baba ya kawo ya tsaya mini a rai. Idan kin rubuta zan karanta, da sharaɗin kada ki bar shi ya kwana a sel har ƙarshen littafi.

Barista:

Maman Nana, zai kwana fa, in dai gaskiya za ki rubuta. Tuhumar kisa ba a ba da belinta a caji ofis, majistare ma ba shi da hurumin sauraronta, zai tura shi gidan yari ne a jira shawarar ma'aikatar shari'a, kuma wannan jiran kan ɗauki watanni. Idan kin zo babin, ki turo mini in duba miki matakan.

Maman Nana:

Na gode Barista, zan turo. Baba Sufeto, tambaya ɗaya kafin in fara: 'yar sandar tawa wane muƙami zan ba ta, yadda za ta riƙe fayil ɗin kisa da kanta amma kuma ana iya ƙwace shi daga hannunta?

Sufeto Mai Ritaya:

Ki ba ta sufeto, ki ajiye ta a sashen binciken manyan laifuka na hedikwatar jiha, don fayil ɗin kisa ba ya zama a caji ofis na unguwa, can ake tura shi. Sama da ita akwai mai kula da sashen kisan kai, sama da shi akwai mataimakin kwamishina. Kowanne cikinsu zai iya karɓe fayil ɗin da layi ɗaya na jan biro, ko a wayi gari an yi mata canjin wurin aiki.